Mikoron da ke Cizon Baba

Babana ladan ne. Tun kafin a haife ni shi ke kiran salla a masallacin ƙauyenmu, can cikin duwatsun Adar, tsakanin Buza da Tabotaki. Manomi ne kamar kowa, hatsi da dawa da ɗan wake, amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, ba zai ce maka manomi ba. Mu ma a gari ba a cika kiranmu da sunayenmu ba, ɗiyan ladan ake cewa.

Yana da wurinsa. A wajen masallaci, ƙarƙashin wani itacen bedi, akwai ɗan tudun ƙasa kusa da randar ruwa. Nan yake tsugunawa ya yi alwala, ruwan ya gangara ƙarƙashin ƙafafunsa, sannan ya miƙe a nan inda yake, ya fuskanci gabas, ya yi kira. Ladan da ya gabace shi nan ya tsaya, kuma ba da takalmi ba, saboda haka shi ma takalminsa a gefe yake barinsa. Ko da anka kawo lasifika ta farko, wata ƙarama mai aiki da batirin mota, bai bar wurin ba. Ta taga ya zuro wayar mikoro, ya ci gaba da tsayawa a kan tudunsa. Shekaru anka yi haka, ba wanda ya ji wani abu.

Sai layin kuran, wato wutar lantarki, ya iso garinmu. Ƴan garin da ke cin rani a bakin teku sunka yi zuciya, sunka aiko wa masallaci babban ampili, wato akwatin nan da ke ƙara wa murya ƙarfi, irin wanda ake jonawa a bango, da manyan lasifikoki da anka ɗaure a kan soro. Ni lokacin ina aure a Madawa, ina koyar da yara a lakwal. Da farkon damina Inna ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta ƙare ba ta ce, "Ke, abin nan na cizon babanki."

Na ce, "Wane abu, Inna?"

Ta ce, "Mikoron masallaci."

Dariya ta zo mini har maƙogwaro, amma muryarta ta hana ni. Ta ce ranar da abin ya fara, da azahar ne. Baba ya kai mikoro bakinsa, ya buɗe baki da kabbara, sai gari duka ya ji "Wayyo!" daga kan soro, har masu noma a bayan gari sun ji. Ya ce wani abu ya sare shi a leɓe kamar kunama, hannunsa ya sanƙare har kafaɗa. Da la'asar ya sake gwadawa, abin ya sake. Yara sunka samu abin wasa, in sun hango shi sai su riƙa cewa wayyo ƙasa-ƙasa.

Samari masu ganin sun san kayan zamani sunka shiga masallaci su duba. Wannan ya ɗauki mikoro ya ce alo alo, wancan ya karɓa ya manna shi a kumatu, wani har sumbatarsa ya yi don a gani. Lafiya lau. Liman ma da mikoron nan yake jan salla kullum, bai taɓa jin komai ba. Baba kaɗai, in ya zuro shi ta taga ya kai baki, sai ya cije shi.

Da fari anka ce tsufa ne. Wannan da sauƙi. Amma bakin mutane ba ya tsayawa inda ya kamata. Kakana, uban Baba, Azne ne, shi ke riƙe da dutsen da ake yanka baƙar akuya a kansa kafin shuka. Ya rasu ban yi wayo ba, Baba kuwa tun yana saurayi ya bar wannan hanya ya tafi karatu, kuma duk tsawon rayuwata ban taɓa jin wani ya tayar da zancen ba. Yanzu sai ga shi ya fito kamar jiya anka yi. Wasu sunka ce iskokin gidan ne ke neman ɗansu. Wasu sunka ce kayan masallaci ya san nasa. Liman mutumin kirki ne, bai faɗi ko ɗaya daga ciki ba, amma ya kira Baba ya ce ya ɗan huta, ya ba wani magidanci mai zaƙin murya kiran salla kafin a gani. Shi kuma daga cikin masallaci yake yi, kuma ba abin da ya same shi. Kowa ya san irin wannan hutun ba a dawowa daga gare shi.

Da anka ba mu hutun lakwal na je gida. Na tarar da Baba ya rame. In lokacin salla ya kusa, mutumin da a da yake tashi ya bar abinci a kwano, sai ya shige ɗaki, sai an gama kira ya fito ya tafi sahun baya. A bakin fanfo wata mata da ke da jikoki ta kama hannuna tana wani lanƙwasa kai, wai, "Allah Ya ba babanku lahiya. Abin gado kam sai haƙuri." Wallahi tulun da ke hannuna Allah ne Ya tsare shi. Na ce mata, "Iya, in za a tono kakanni a garin nan, mu soma da naki, ina da lokaci." Inna ta yi mini faɗa a kan wannan magana, ni kuwa har yau ban yi nadama ba.

Amma ƙarƙashin fushin akwai wani abu da ke sosa mini rai, kuma ya fi fushin hana ni sakat. Na san Baba ba ya ƙarya. Samarin nan ma ba ƙarya sunka yi ba, ta taga na leƙa na ga ɗayansu riƙe da mikoron yana dariya. To yaya ƙarfe ɗaya, waya ɗaya, zai ciji wannan ya ƙyale wancan? Ina tafiya ina ɗaga kai ina kallon tsuntsaye jere a kan wayar kuran, suna gyara gashinsu hankali kwance, alhali an ce mutum in ya taɓa ta ya gama yawo. A kolej mun yi waɗannan abubuwa, tansiyo da antansite, mun haddace su kamar waƙa mun zuba a takardar jarrabawa, mun fito mun bar su a can. Na koma Madawa da tambayata ba amsa.

Ina da tsohon firigo da nake daskarar da zoɓo a ciki. Wata rana da hantsi na wanke simintin ɗakin, ƙafata ba takalmi, hannuna da danshi, na kai hannu zan buɗe shi sai yatsana ya taɓa ƙarfen murfin. Kai! Wani abu ya tsarga mini har gwiwar hannu, na yi tsalle na kwarma ihu. Maigidana ya shigo da gudu, da takalminsa na roba, na nuna masa, ya ɗora tafin hannu a wurin ya riƙa shafawa. Ba komai. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "To, ke ma gadon na?"

Na buɗe baki zan ba shi amsar da ba zai manta ba, sai idona ya sauka a kan ƙafafunsa, ya dawo kan nawa. Na ce ya ba ni takalmin. Na saka, na taɓa, shiru. Na cire, na taɓa, ya cije ni. Na share hannu da zane, na taka busasshiyar tabarma, na taɓa, ba komai. Na sake sauka kan jiƙaƙƙen siminti. Maigidana ya ce lalle yau matarsa ta zautu, ya fita ya kira ƙanensa.

Ƙanen nan nasa aikin kuran ya koya, shi ke kafa wa masu albasa na wajen Galma famfunan da ke aiki da hasken rana. Tsakanina da shi kuwa wasa ne tun ranar da anka kawo ni gidan, matata yake ce mini, ni kuma in ce masa rago. Ya shigo, kafin komai ya zare wayar firigon daga bango, sannan ya ce, "Matata, in kin gaji da yayana ki hwaɗa mini, ba sai kin kashe kanki ba."

Na ce, "Rago, zauna. Yau sai ka gaya mini abin da ke cikin wayar nan, kuma da Hausa, ban son Faransancinka."

Ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce in tuna da shato, babban tankin ruwan nan da ake ɗorawa a sama. Tsawon da anka ɗaga shi, shi ke sa ruwa ya yi turi a cikin tiyo, ko an buɗe fanfo ko ba a buɗe ba turin na nan. Wannan turi shi ne tansiyo, shi ake aunawa da bolt. Ruwan da ya gudana kuwa bayan an buɗe, yawansa, shi ne antansite, shi ake aunawa da ampar. "Abu biyu na," in ji shi. "Guda turi, guda gudu. Mutane sun haɗe su sun ce kuran."

Na ce, "To wanne ka kisa?"

Ya ce, "Tashi ki gani." Ya kai ni wurin motonsa, wato babur, ya nuna mini wayar buji, filogin da ke ba inji wuta. Ya ce abin da ke fita daga nan bolt dubbai ne, kuma ba makanikin da bai sha cizonsa ba, amma ba ka jin an ce buji ya kashe wani, don abin da ke gudana ɗan mitsitsi ne, kuma kafin ka ƙifta ido ya wuce. Batirin babbar mota kuwa bolt goma sha biyu ne kacal, kana iya dafa kawunansa biyu da busassun hannuwa ba ka ji komai ba, amma in kile, ƙarfen kwance noti, ya faɗa a kansu ya haɗa su, sai ya yi ja ya narke, don ƙarfe hanya ce buɗaɗɗiya, gudun da batirin zai saki a cikinsa ba kaɗan ba ne.

Na ce, "Ka ƙara rikita ni. Mai dubbai ba ya kisa, mai sha biyu na narka ƙarhe."

Ya ce, "Abin da ya ratsa jikinki shi ka kisa, kuma ba ya bukatar yawa, ɗan kaɗan in ya bi ta zuciya ya isa. Amma ba ya ratsawa sai da turi mai ƙarhi, sai kuma ya samu hanya. Busasshiyar hwata ƙuntatacciyar hanya ta, sha biyu ba ya iya ketawa. Na bango ɗari biyu da ashirin na, yana ketawa, in ta jiƙe kuwa kin buɗe mashi ƙohwa. Sannan sai ya samu inda zai hita. Ƙasa yake nema kullum. Takalmin roba ya tare shi, jiƙaƙƙen siminti ya ce mashi bisimilla."

Na tambaye shi tsuntsayen nan fa. Ya ce ƙafafunsu biyu a kan waya ɗaya suke, ba su taɓa ƙasa ba, ba su taɓa wata wayar ba, turi na nan amma ba inda za shi. Na tambaye shi wat da ake rubutawa a jikin ƙwan fitila. Ya ce wannan shi ne aikin da ake samu in an haɗa biyun, turi sau gudu, shi ya sa dutsen guga da ƙwan fitila a rami ɗaya ake jona su, turinsu ɗaya, amma dutsen guga ya fi zuƙa nesa ba kusa ba, don haka ya fi zafi. Ina jin daɗin abin kamar yarinyar da anka buɗe wa akwatin kakarta, har na manta da abin da ya kawo zancen. Tambaya na bin tambaya, shi kuma yana ta yi mini tsiya wai madam guda, malamar lakwal, ba ta san abin da ke cikin bangon ɗakinta ba.

Sai kawai na ga tudun nan a idona. Na ga randar, na ga ruwan alwala na gangarowa, na ga takalman Baba a ajiye a gefe. Samarin kuwa a ciki sunka yi gwajinsu, a kan tabarmin roba, hannu a bushe. Liman a kan darduma yake. Sabon ladan ma haka. Tsohuwar lasifikar ta batiri ce, sabuwar ta bango.

Na ce, "Rago, Baba a waje yake tsayawa. Kan ƙasa. Da alwala, ba takalmi."

Wasa ya bar fuskarsa. Ya ce, "A baki yake sa shi?" Na ce a baki. Ya ɗora yatsa a leɓensa, ya ja shi a hankali ta wuya, ta ƙirji, har ƙasa. Bai ce mini matata ba, cewa ya yi, "Yaya, gobe mu tahi."

Da safe munka hau motonsa, ta Buza, munka bi hanyar duwatsu da ruwa ya zaizaye, ƙuguna kamar zai rabu biyu. Munka isa bayan azahar. Ya je ya gaida Liman ya nemi izini, nan da nan dattawa da samari sunka taru. Na aika a gaya wa Baba, ya ce ba za shi ba. Ni kuma na tsaya a bakin taga, ba wanda ya isa ya kore ni ranar.

Ƙanen mijina ya fito da wata ƴar fitilar gwaji mai waya biyu. Ya kunna ampilin, ya ɗaura waya guda a kan mikoro, ya ɗora ta biyun a kan tabarmar masallaci. Fitila ba ta ce komai ba. Wani daga baya ya ce, "Ai mun hwaɗa." Shi kuwa ya zuro mikoron ta taga kamar yadda Baba ke yi, ya fito, ya zuba buta guda ta ruwa a kan tudun, ya kafa ƙusa a wurin, ya taɓa ta da wayar. Fitila ta kama jawur. Ya ɗage, ta mutu. Ya mayar, ta kama. Wani saurayi ya tuɓe takalmi wai shi sai ya ji da jikinsa, ƙanen mijina ya daka masa tsawar da ban san yana da ita ba.

Da ya kashe ya buɗe akwatin, sai ga wata waya a ciki da zafi ya cinye rigarta, ta yi baƙi, ƙura da danshi sun haɗa ta da jikin ƙarfen. Ba ta gama mannewa ba, yoyo take yi kawai. Ya ce da ta manne sosai, ba zancen cizo za a yi ba. Ya canza ta, ya kuma kafa dogon ƙarfe a ƙasa ya haɗa shi da jikin akwatin, don in wani abu ya sake ɓacewa ya bi nan ya tafi, kada ya bi ta mutum. Liman ya daɗe yana kallon tudun, yana istigfari a hankali. Sannan ya ce a je a ce wa ladan yana nemansa. Na ce ni zan je.

Na tarar da Baba a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na shiga zuba masa bayani, shato da tiyo da turi da gudu, ina haɗa wannan da wancan, ni kaina na san na cakuɗa. Yana ta tufkarsa bai ɗago ba. Haushi ya kama ni, na ce, "Baba, ba ka ji ba? Da mutuwa za ka yi! Ta ƙirjinka abin ke bi, kullum, kai kuma kana komawa!"

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ɗiyata, tsaya. In wani ya yi alwala ya tsaya wurin nan, shi ma zai cije shi?"

Na ce, "Kowa, Baba."

"Ko Liman?"

"Ko Liman."

"Ko wanda ubanshi malami na, kakanshi malami na?"

Na ce, "Waya ta, Baba. Ba ta san uban kowa ba."

Ya dubi tafin hannunsa. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce marar sauti, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni na ɗauka ba a karɓa ba. Na ce ko duk kiran da na yi tun ina saurayi, ba a so shi ba, sai yanzu anka nuna mini."

Ni da ke ta faɗa da mutanen gari a kan wannan magana, ban taɓa kawo wa raina cewa a cikin gidanmu anka fi yarda da ita ba. Duk watannin nan da ita yake kwana yake tashi, shi kaɗai, bai gaya wa ko Inna ba. Na kawo masa labarin cewa ya kusa mutuwa, shi kuma ya karɓe shi kamar albishir.

Ya share fuska da bakin rigarsa, ya leƙa waje ya dubi inuwar katanga. Ya ce, "La'asar ta kusa. Miƙo mini butata."

Na juya ina laluben butar, idona ya cika ba na ganin komai. Inna ce ta fito daga bayan ƙofa, inda ashe take tsaye tun ɗazu, ta miƙa masa ita cike da ruwa.